Gishiri Ba Ya Barci

A Kolcani, bakin farin filin Uyuni,
Inda ƙasa da sama suka rasa iyaka,
Sanyin asuba na tsaga leɓe kamar reza,
Na shimfiɗa buhu, na kutsa ƙarƙashin mota,
Bayana a ƙasa, idona kan ɓarnar gishiri.

Landkuruza ce, ta girme ni da shekara tara.
Launinta na fari sai a bayan murfin tanki.
Ƙofar hagu daga gawar wata aka ciro a Oruro,
Sifirin baya na babbar mota ne, mun zare ganye biyu.
Abin da ta zo da shi duniya bai wuce uku ba:
Sitiyari, taurin kai, da haƙuri.

Babana Fulhensiyo na zaune kan tsohuwar taya,
Bargon gashin lama har kunne, ganyen koka a kumatu.
Shekara talatin yana ratsa farin nan ba tabarau,
Haske ya karɓi ladansa, ya saƙa masa yana a ido.
Yanzu shi ne kunne, ni ce hannu,
Haka muka raba gadon tun da wuri.

"Juya ƙafar," in ji shi. Na juya.
Ya karkata kai kamar mai jin gulma ta katanga.
"Boris ne, Nelida. Na ciki, ba na waje ba.
Tun Talata yake kuka, kina ƙure rediyo."
Na yi shiru. Ya tona asiri.

Noti ya ce bai san zancen ba.
Na jiƙa shi da mai, na ba shi lokaci ya yi tunani,
Na zura bututu a sifana, hannu ya ƙara tsawo,
Na hau da ƙafa biyu, da nauyina, da na bashin da ake bin mu.
Ya yi ƙara, ya saki, na zube,
Fatar yatsa ta bi ƙarfe,
Gishiri ya gano wurin da sauri.

A gareji sun ce buhun kinuwa uku.
Muna da biyu, ɗaya na iri ne.
Sai na bar sabon zobe a waje ya kwana,
Ɗari ya matse shi,
Na ɗora mazauninsa gefen murhu ya buɗe baki.
Da safe suka shige juna da bugu huɗu na katako.
Baba ya ƙirga da leɓe, ya ce, "Ƙara ɗaya, a hankali."
Na cusa giris da tafi har ya fito ta bayan zobe,
Baƙi a farce, ɗumi a ƙirji, ga tauri.

Sauran yini na wanka ne.
Na kankare cikinta, na shafe da tsohon baƙin mai,
Don abin da ke ciyar da mu shi ke cin ta,
Ba ya hutun Lahadi, ba ya jiran shiri.

Mama ta zuba ɗan abin sha gaban kowace taya,
Rabon uwa ƙasa, kada ta riƙe mu a hanya.
Na tattara kaya. Noti ɗaya ya rage a buhu.
Na dube shi, ya dube ni. Na jefa aljihu.

Muka hau farin, ba hanya, ba alama,
Dutsen Tunufa can gaba kamar wanda ya yi jira ya gaji.
Baba ya ɗora tafi kan ƙarfe, ya rufe idon da ba ya gani.
Giya ta uku. Ta huɗu. Ƙafa ta yi tsit.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan: "Akwai abin da ke kaɗawa."
Na ce, "Ina?"
Ya ce, "Aljihunki. Na salansa ne, tun bara yake neman gida.
Gobe. Yau ki taka, mu ji labari."